Sama na sanyi, ƙasa babu: kundin gyaran wani firji a Garwa

24 ga Maris

Firjin mai ƙofa biyu ne, firiza a sama, irin wanda ke da fanka a ciki kuma yake narkar da ƙanƙararsa da kansa. Na wani gida ne a unguwar Yelwa da ke Garwa, a arewacin Kamaru. Kukan da aka kawo shi ne ruwan leda a sama ba ya daskarewa sai ya kwana biyu, a ƙasa kuwa kindirmo kan yi tsami kafin gari ya waye. Hajiyar gidan ta ce: "Malam, gas ne ya ƙare, a ƙara masa kawai."

Mun roƙi Hajiya ta ba mu 'yan kwanaki kafin a taɓa gas. Gas ɗin firji ba man fetur ba ne da inji ke sha ya ƙare. Yana zagayawa ne a cikin bututun da aka liƙe ruf, kuma muddin babu huda, wanda aka zuba a masana'anta shi ne zai kai firjin ƙarshen rayuwarsa.

Abin da aka fara karantawa shi ne takardar da ke manne a bangon ciki, kusa da aljihun kayan miya. Gas R600a, giram 52. Wuta volt 220 zuwa 240. Hitar narkarwa wat 160. Ƙarfin daskarwa kilo 3 cikin awa 24. Ajin yanayi ST. Duk waɗannan lambobin za su yi amfani a gaba.

An sa ma'aunin zafi a cikin kofin ruwa a kantar tsakiya, wani kuma tsakanin ledojin kifi a firiza, aka bar su su kwana. Ruwa ake aunawa domin iskar ciki tana canzawa da an buɗe ƙofa, ruwan kuwa yana nuna abin da abincin yake ji.

25 ga Maris

Da safe kofin ruwa ya nuna digiri 14, firiza 7 ƙasa da sifili. Abin da ake nema shi ne 3 zuwa 5 a ƙasa, da 18 ƙasa da sifili a firiza. Ɗakin girkin kansa ya kai digiri 39 da ƙarfe uku na rana.

Firjin yana manne da bango, tazarar ba ta wuce yatsu biyu ba, ga murhun gas a gefensa, ga buhun gero da kwali an ɗora masa a ka. Da aka jawo shi, ragar baya ta fito kamar an yafa mata bargo: ƙurar hunturu ta haɗu da maiƙon suya ta kama wayoyin ragar, har sai an kankara da farce take fita. Wannan ragar ita ce ke zubar da zafin da aka kwaso daga cikin firjin. In ta toshe, gas ba ya komawa ruwa yadda ya kamata, matsi ya hau, kwamfireso, wato injin da ke matsa gas ɗin, ya yi ta aiki babu hutu yana ɗaukar zafi.

An cire filogi. An share da busasshen buroshin fenti daga sama zuwa ƙasa, sannan aka bi da tsumma da ruwan ɗumi mai ɗan sabulu saboda maiƙon. Ba a watsa ruwa, domin akwatin rileyi, ɗan abin da ke tayar da injin, yana nan ƙasa a jikin kwamfireso. A kula da siririn bututun jan ƙarfen da ke naɗe kusa da filta: in ya lanƙwashe, hanyar gas ta toshe ke nan. An mayar da firjin da tazarar santimita 10 daga bango, an sauke kayan da ke kansa, an matsar da murhu.

26 ga Maris

Ƙasa ya sauko zuwa 12. Sharar ta taimaka, amma ba ita ce cutar ba.

A irin wannan firjin, wuri ɗaya ne ake yin sanyi: bututan alminiyom masu fikafikai da ke bayan marfin bangon firiza. Fanka ce ke jawo iska ta cikinsu, ta hura a firiza, ta tura wani kaso ƙasa ta wata 'yar hanya. Da aka ɗora tafin hannu a bakin hanyar da ke ƙasa, babu iskar da ke fitowa. Da aka danne makunnin ƙofa don fanka ta tashi, sai ga ƙara, kar-kar-kar, fikafikanta na gogar wani abu.

An kwashe kifin zuwa kula da ƙanƙara, an kwance kusoshi huɗu na marfin. Marfin ya ƙi fitowa, ƙanƙara ta riƙe shi. Ba a fizge shi ba, don farin soson da ke bayansa zai karye, kuma shi ke tsara hanyar iska. Aka bar ƙofofi a buɗe awa ɗaya sannan ya saki.

A nan ya kamata mai gyara ya tsaya ya kalli ƙanƙarar da kyau kafin ya narkar da ita, domin ita ce shaidar farko. In fara ce mai gari-gari kuma ta rufe bututan daga sama har ƙasa daidai-wa-daida, tsarin narkarwa ne ya tsaya. In dunƙule ce garai-garai kamar gilashi a ƙasan bututan kawai, ruwan narkewa ne ya rasa mafita, magudana ta toshe. In kuwa ƙanƙarar ta taru a kusurwa ɗaya inda siririn bututu ya shigo, sauran bututan a bushe, to a lokacin ne ake maganar ƙarancin gas ko raunin kwamfireso. Namu iri na farko ne: fari fat, ya cike tsakanin fikafikai har babu inda allura za ta wuce, ya kai ga bakin fanka.

An narkar da ƙanƙarar da ruwan ɗumi a buta da fankar ɗaki a gaba. Babu wuƙa, babu sukudireba. Bututun alminiyom ɗin siriri ne, tsini kaɗan ke huda shi, kuma R600a gas ne mai kama wuta. Firji da yawa da ake kawowa shago da cewa gas ya ƙare, in an duba za a ga sawun wuƙa a jikin firiza.

27 ga Maris

Tsarin narkarwa abubuwa huɗu ne a jere: taima, hita, baimetal, da fis ɗin zafi. Ɗaya ya mutu, duk sun tsaya.

Taimar tana bayan firjin kusa da kwamfireso, an rubuta awa 8 a jikinta. Bayan kowace awa takwas na aiki takan kashe kwamfireso da fanka ta mayar da wuta kan hita na 'yan mintuna. An juya ƙusarta a hankali ta hannun agogo har ta yi ƙas, kwamfireso ya tsaya. Aka bar ta, ta ci gaba da tafiya da kanta ta sake tayar da shi. Lafiyarta ƙalau.

An cire filogi aka zare wayoyin hita aka auna. Lissafin turjiyar hita, wadda ake aunawa da om, mai sauƙi ne: volt sau volt a raba da wat. 220 sau 220 ya ba da 48,400, a raba da 160, kusan om 302 ke nan. Mita ta nuna 298. Hita na da rai. Fis ɗin zafi, wanda aka rubuta digiri 72 a jikinsa, shi ma wuta na wucewa.

Sai baimetal, ɗan dunƙulen da ke maƙale a jikin bututu. Nan ne yaran shago ke yawan ruɗewa. A zafin ɗaki, lafiyayyen baimetal a buɗe yake, mita ba za ta nuna komai ba, domin sai ya yi sanyi ƙasa da sifili yake rufewa ya bar wuta ta kai ga hita, in ƙanƙara ta narke bututu ya yi ɗumi kuma ya sake buɗewa. Wanda ya auna shi da ɗumi zai yanke wa mai lafiya hukuncin mutuwa. An naɗe shi a leda aka binne a cikin dakakkiyar ƙanƙara da gishiri mai yawa na minti 20, wayoyinsa a waje. Bai rufe ba. An ƙara minti 20, shiru. Murfinsa ma ya ɗan kumbura, alamar ruwa ya shiga ya daskare a ciki. Cutar ke nan.

Akwai masu yanke shi su haɗa wayoyin biyu kai tsaye. Kada a yi. Hita za ta ci gaba da ci bayan ƙanƙara ta ƙare, ta gasa robar bango, fis ya tsinke. In an riga an cire fis ɗin ma, gobara ake nema.

Tun da marfin a buɗe yake, an kunna firjin na minti 30 don a ga yadda sabuwar raɓa za ta kama. Ta kama siririya daga layin farko har na ƙarshe, kuma bututun da ke komawa kwamfireso yana da ɗan sanyi a hannu, ba ya zufa. Gas ɗin Hajiya yana nan cif.

28 ga Maris

Baimetal ɗin da aka samu a kasuwa lambobin buɗewa da rufewarsa ba su yi daidai da na asali ba, an bar shi. An aika a nemo daga Duwala, zai biyo ta Ngaundere. Kafin ya iso an mayar da marfi, firjin na aiki. Da bututan a share, kofin ruwa ya sauko zuwa 6 cikin dare ɗaya. Ba warkewa ba ce, ƙanƙarar za ta sake taruwa cikin mako ɗaya ko biyu.

31 ga Maris

An kira daga gidan da magariba: firjin yana gurnani na daƙiƙa biyar, ya yi ƙas, ya yi shiru minti biyu ko uku, ya sake. Wannan wata cuta ce dabam.

Ƙarar ta ɗan makunnin kariya ce, wanda masu gyara a nan ke kira kilikson. In kwamfireso ya kasa tashi, wutar da yake ja takan ninka ta aiki sau da yawa, kilikson ya yi zafi ya katse don kada waya ta ƙone. Mita mai baki, wadda ke auna wutar da inji ke ja, ta nuna sama da amfiya 5 a lokacin gurnanin, alhali a tafiya bai kamata ya wuce 0.7 ba.

An auna soket ɗin da firjin ke ciki: volt 176 da ƙarfe bakwai da rabi na yamma. Kwamfireso irin wannan an yi shi ne don ya tashi daga wajen volt 187 ko 198 zuwa sama, gwargwadon irinsa. Wutar Garwa tana dogara sosai da madatsar Lagdo a kan kogin Binuwai, wadda aka kammala a 1982 da ƙarfin megawat 72, kuma a ƙarshen rani ruwa kan ja baya daidai lokacin da kowane gida ke kunna fanka. Don haka raunin wuta da ɗauke-ɗauke a wannan watan abu ne da firji zai rayu da shi, sai dai a yi masa tanadi. Amma wani ɓangaren laifin a cikin gida yake: firjin yana kan doguwar wayar joni siririya, mita biyar, tare da tukunyar dafa ruwa. A soket ɗin bango an samu 189. Volt 13 suna salwanta a wayar.

Ga kuma abin da ya faru da la'asar: an ɗauke wuta an dawo da ita cikin ƙasa da minti ɗaya, har sau uku. In kwamfireso ya tsaya, matsin da ke gabansa bai sauka ba tukuna, sai bayan kamar minti 5 yake daidaita ta siririn bututu. Rileyin ma, wanda 'yar ƙwaya ce kamar kwabo a ciki, yana bukatar ya huce kafin ya iya sake ba wayar tashi wuta. Dawowar wuta nan take tana nufin inji ya tashi da kaya a ka babu mai taya shi.

An cire filogi, an ɓalle murfin akwatin, an zare rileyi. Da aka girgiza shi kusa da kunne sai ya yi ƙara kamar tsakuwa a gwangwani: ƙwayar ta farfashe. Kafin a sa sabo an auna ƙafafu uku na kwamfireso. Daga ƙafar gama-gari zuwa ta tafiya om 16, zuwa ta tashi om 23, tsakanin ta tafiya da ta tashi 39. Biyun farko in an haɗa su sai su ba da na uku, kuma haka aka samu. Daga kowace ƙafa zuwa jikin ƙarfe, inda aka kankare fenti, mita ba ta motsa ba. Wayoyin ciki ba su ƙone ba, alhamdulillahi.

An sa sabon rileyi mai om 15 kamar na asali, mai ƙafafu iri ɗaya. An canza kilikson tare da shi, domin wanda ya yi ta katsewa awanni bakinsa kan ci. An cire wayar joni. An sa regilata mai ƙarfin VA 1000 da ke da jinkirin minti 3 zuwa 5, aka danna makunnin jinkirin, wanda mutane kan kashe don gajen haƙuri. Kwamfireso ya tashi a bugu ɗaya, ya zauna a amfiya 0.65.

3 ga Afrilu

Baimetal ya iso. An gwada shi a ƙanƙara da gishiri tun kafin a ɗaura, ya rufe cikin minti 10. An maƙala shi a daidai gurbin tsohon, ya kwanta sosai a jikin bututu. In aka sa shi kusa da hita zai buɗe da wuri ya bar ƙanƙara a sama. An matse haɗin wayoyi, an rufe da robar da ke tsukewa da zafi, an juya bakin haɗin ƙasa don kada ruwa ya kwanta a ciki.

Bayan awa biyu na aiki aka juya taima zuwa narkarwa. Mita mai baki ta nuna amfiya 0.72, daidai da wat 160 a kan volt 220. Aka ji ruwa na ɗiga a kan hita yana cuu. Minti 14 baimetal ya buɗe, wuta ta koma sifili.

Ruwan bai sauka da sauri ba, sai aka bi magudana da babban sirinji da ruwan ɗumi mai cokali ɗaya na bikabonat. A turawa ta uku wani baƙin yauƙi da ɓawon albasa suka faɗo cikin farantin da ke kan kwamfireso. An wanke farantin.

5 ga Afrilu

Ranar ƙofa. An maƙale 'yar takarda tsakanin roba da jikin firji ana ja, taku-taku, kewaye da ƙofofin biyu. Ko'ina tana riƙewa sai kusurwar ƙasa ta babbar ƙofa, ɓangaren hannu, inda ta zame ba tare da turjiya ba. Da dare an sa tocila a ciki an rufe, haske ya fito ta wurin.

Roba ba ta yage ba, ƙofar ce ta sunkuya saboda manyan gorunan ruwa shida da ke zama a jikinta, kilo tara ke nan a kan hinji. An sassauta kusoshin hinjin sama, an ɗaga ƙofa ta daidaita, an ɗaure. An wanke robar da ruwan ɗumi da tsohon buroshin haƙori, musamman cikin ninkin inda zoɓo ya zuba ya bushe. An ɗumama kusurwar da tsumma mai ruwan zafi, an jawo ta da yatsa, an rufe ƙofa ta huce a haka. An ɗan ɗaga ƙafafun gaba don ƙofa ta riƙa komawa da kanta.

Yanzu da iska ke bushe, wannan 'yar kafar sanyi kawai take zubarwa. In damina ta sauka, laimar da za ta riƙa shiga ta nan ita ce za ta zama ƙanƙara a bututai fiye da yadda hita za ta iya narkarwa.

An kuma sa waya tana ɗaukar bidiyo a ciki aka rufe ƙofa, don a tabbatar ƙwan fitila na mutuwa. Ƙwai mai wat 15 da ya ƙi mutuwa ƙaramar hita ce a cikin firji dare da rana. Yana mutuwa.

9 ga Afrilu

Awon kwana uku: da asuba kofin ruwa 3 zuwa 4, firiza 18 ƙasa da sifili, kwamfireso na hutawa. Da la'asar kofin ruwa 8, firiza 10 ƙasa da sifili, babu hutu ko kaɗan.

Da aka buɗe firiza da rana sai ga ledojin zoɓo 30, kowace rabin lita, an jera su har sun rufe bakin fanka, wasu da ɗuminsu. Kilo 15 ke nan a firizar da aka rubuta mata kilo 3 a awa 24. Kafin kilo ɗaya na ruwa mai digiri 35 ya sauko sifili sai an cire masa wajen kilojul 147, sannan a cire wasu 334 kafin ya daskare. Daskarwar ita ce babban aikin, kuma ba a ganinta a ma'auni: zafin ledar yana tsaye a sifili awanni, inji yana ta fama. An shawarci Hajiya ta riƙa barin zoɓon ya huce a randa ko cikin bahon ruwa, ta sa leda shida zuwa takwas da dare, a bar tafin hannu ɗaya tsakaninsu da bangon baya. In sana'ar ƙanƙara ake so, firiza mai buɗewa ta sama ita ce kayan aikin.

Maƙwabcin gidan ya sake kawo maganar a ɗan ƙara gas don sanyi ya ƙaru. A firji mai giram 52, ƙarin giram 10 kusan kashi ɗaya cikin biyar ne. Bututun komawa zai fara raɓa, ruwan gas ya iya kaiwa ga kwamfireso, sanyin ma ya ragu. R600a da sikeli ake zuba shi, ba da kallon agogon matsi ba, domin yana tafasa a wajen digiri 12 ƙasa da sifili, don haka a lokacin aiki ɓangaren tsotso yana ƙasa da matsin iskar waje. Wanda ya saba da wani irin gas, R134a, in ya ga allura ƙasa da sifili sai ya ɗauka babu gas, ya yi ta ɗurawa. Mafi muni shi ne a zuba R134a a injin R600a: girman silinda da irin mai duk ba ɗaya ba ne. Da a ce huda aka samu, aikin shi ne a fitar da gas a fili nesa da wuta, a hura nitirojin a nemo hudar da kumfar sabulu, a liƙe, a canza filta, a zuƙe iska da famfon zuƙa, sannan a auna giram 52 a zuba. Ba a gwada matsi da iskar oksijin ta masu walda, tana haɗuwa da mai ta fashe.

16 ga Afrilu

An sake buɗe marfin firiza, kwana goma sha uku bayan sa baimetal. Raɓa siririya ce, ana ganin fikafikan ɗaya bayan ɗaya, magudana a buɗe. An mayar.

Abin da ya rage ba na gyara ba ne. Harafin ST a takardar yana nufin an ƙera firjin don ɗakin da bai wuce digiri 38 ba. Mai N iyakarsa 32, kuma da yawa daga cikin na hannu da ake kawowa daga Turai wannan ajin ne. Mai T shi ke kaiwa 43, shi ya dace da Garwa da Marwa da Kuseri, kuma wannan harafin ya kamata mai saye ya fara dubawa kafin launi da girma. Ɗakin girkin gidan, mai rufin kwano babu silin, ya kai 42 jiya da rana. Falon da ke da silin da taga ta arewa 36 ne a daidai lokacin.

An kwashe kaya, an ɗauki firjin a tsaye zuwa falo, an bar shi awa ɗaya kafin a kunna don mai ya koma gindin kwamfireso. Da an kwantar da shi, sai ya kwana a tsaye.

19 ga Afrilu

La'asar, falo digiri 37: kofin ruwa 5, firiza 16 ƙasa da sifili, da ledar zoɓo takwas na daren jiya duk sun daskare. Asuba: 3, da 19 ƙasa da sifili. Wuta a bakin regilata 218, amfiya 0.62. Kwamfireso yana samun hutu har da rana, gajere ne amma yana samu.

An rubuta a takarda an manna a gefen firjin: sharar ragar baya kowane wata biyu, kowane wata a lokacin hunturu, wanke robar ƙofa duk mako, in wuta ta ɗauke kada a yi ta buɗewa, kuma dafaffen abinci da nono in sun wuce awa huɗu babu wuta a wannan zafin kada a amince da su. Za a dawo a buɗe marfin firiza bayan ruwan sama na uku, a ga yadda kusurwar robar da aka gyara ta riƙe laima.